Agajin Abinci, Farfaɗo da Sana'a da Ƙarfafa Mata a Lokacin Tsadar Rayuwa

Agajin abinci taimako ne na gaggawa da ake bai wa mutanen da suka kasa ciyar da kansu saboda fari, ambaliya, yaƙi ko tsadar rayuwa. Farfaɗo da sana'a kuwa shi ne aikin da ke biyo baya, wato mayar wa gida abin da yake dogaro da shi wajen neman na kansa, kamar gona, dabba, jari ko kasuwa. Ƙarfafa mata na nufin mace ta mallaki wani abu daga cikin waɗannan, kuma maganarta ta yi tasiri a kan yadda za a sarrafa shi. Abubuwan uku suna tafiya tare, domin abinci yana tsare rai, sana'a tana hana komawa layin karɓar tallafi, mace kuma ita ce ke tsaye a inda tukunya da sana'ar cikin gida suka haɗu. Kudancin Nijar da arewacin Najeriya sun ga wannan al'amari da idonsu, kuma daga can ne wasu dabarun da duniya ke amfani da su a yau suka fito.

Yadda yunwa ke shiga gida

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin yunwa, har ta raɗa wa manyanta suna. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, akwai kuma wadda mutanen Nijar ke kira El-Buhari ta 1984 zuwa 1985, wadda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a mulkin Buhari. Sunan na biyu yana nuna abin da talaka ya riga ya gane tun da daɗewa: ba ƙarancin ruwan sama kaɗai ke kawo yunwa ba, har da abin da ke faruwa a kasuwa da kan iyaka. Masanin tattalin arzikin nan na Indiya, Amartya Sen, ya tabbatar da haka a littafinsa na 1981, inda ya nuna cewa a yunwar Bengal ta 1943 mutane sun mutu alhali akwai abinci a ƙasar, domin kuɗin hannunsu ya kasa sayensa.

Abin da ya faru a Nijar a 2005 misali ne na kusa. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna a wasu yankuna, amma hatsin da ƙasar ta noma bai ragu ƙwarai ba idan aka kwatanta da shekarun baya. Farashi ne ya yi tashin gwauron zabi. Buhun gero mai kilo 100 ya kai kusan sefa 30,000 a wasu kasuwanni a tsakiyar damina, yayin da farashin awaki da tumaki ya faɗi. Makiyayin da ya saba sayar da akuya ɗaya ya auno gero sai ya koma sayar da biyu ko uku. Mafi yawan yaran da suka kamu da tamowa sun fito ne daga jihohin Maraɗi da Damagaram, wato rumbun ƙasar.

Matsin da Najeriya ta shiga tun 2023 irin wannan ne. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki darajar naira a watan Yuni, kuɗin sufuri da na taki suka hau. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, har buhun shinkafa mai kilo 50 ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya tsayar da ciniki tsakanin Maraɗi da Katsina, da tsakanin Ƙonni da Illela, har zuwa farkon 2024. Ga kuma rashin tsaro da ya raba dubban manoma da gonakinsu a Barno, Zamfara, Katsina da Sakkwato.

Gida ba ya faɗuwa a rana ɗaya. Da farko akan rage mai da nama a miya. Daga nan cin abinci ya koma sau biyu, sannan sau ɗaya, kuma sau da yawa uwa ce ke fara haƙura domin yara su samu. Sai a shiga cin ganye, tafasa da zogale da jiga, ko 'ya'yan anza da sai an jiƙa su kwanaki kafin ɗacinsu ya fita. Maigida ya tafi ƙwadago a gonar wani ya bar tasa cikin ciyawa, ko ya ci bashin hatsi da zai biya ninki da kaka. Matakin ƙarshe shi ne sayar da abin da ake neman abinci da shi: akuyar uwargida, kwanonin jere, keken ɗinki, garma, daga bisani gona. Wanda ya kai nan, ko da damina ta yi kyau baɗi, ba shi da abin da zai tashi da shi. Saboda haka lokacin da agaji ya iso yana da muhimmanci kamar yawansa.

Auna yunwa da raba agaji

Ƙasashen Sahel da Yammacin Afirka suna auna matsalar abinci da tsarin Cadre Harmonisé, wanda hukumar CILSS ke jagoranta. Tsarin ya kasa halin da jama'a ke ciki mataki biyar, daga wadata, zuwa matsi, zuwa rikici, zuwa gaggawa, zuwa matsananciyar yunwa. Daga mataki na uku ne ake cewa mutum na bukatar agaji. Binciken da aka fitar a ƙarshen 2024 ya yi hasashen cewa mutum miliyan 33 a Najeriya za su kasance a mataki na uku ko sama da shi tsakanin Yuni da Agustan 2025, wato lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi kuma bai nuna ba.

Agajin yana zuwa ta fuska uku. Ta farko ita ce rabon abinci kai tsaye: hatsi, wake, mai da gishiri, gwargwadon abin da zai bai wa mutum ƙarfin kalori 2,100 a rana. Wannan ya fi dacewa inda kasuwa ta mutu ko hanya ta toshe, kamar wasu garuruwan Barno. Babbar mai wannan aiki ita ce Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, wadda aka kafa a 1961, ta kuma karɓi kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2020. Ta biyu ita ce ba da kuɗi ko katin sayayya inda kasuwa ke ci. Amfaninsa shi ne mai karɓa ya sayi abin da ya fi bukata, ɗan kasuwar garin kuma ya yi ciniki. Rauninsa shi ne hauhawar farashi tana cinye shi, domin kuɗin da ya auno tiya goma a bara zai iya kasa auno biyar a bana idan ba a sake duba adadinsa ba.

Ta uku ita ce maganin tamowa. Ana auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da wani ɗan tef mai launi uku. Idan kaurin bai kai santimita 11.5 ba, tef ɗin yana nuna ja, alamar tamowa mai tsanani. Ana ba irin wannan yaro wani haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, wanda aka fi sani da Plumpy'Nut. An ƙirƙiro shi a Faransa a 1996. Ba ya bukatar ruwa ko dafuwa, don haka uwa na iya ba ɗanta a gida ta riƙa kai shi awo mako-mako, maimakon ta kwanta asibiti ta bar sauran yara da sana'arta. A 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara sama da 60,000 magani a Nijar ta wannan hanya, abin da ya taimaka wajen sa duniya ta karɓi tsarin. Yanzu ana sarrafa irin wannan abinci a Yamai da Kano.

Rabo yana da nasa haɗari. Zaɓen wanda ya cancanta yakan faɗa hannun siyasa da sanayya. Kaya kan ɓace a hanya su bayyana a kasuwa. Idan aka shigo da hatsin waje da yawa a lokacin kaka, farashi na iya karyewa a kan manomin gida. Turmutsitsin da aka yi a wuraren rabon abinci a Ibadan, Okija da Abuja a Disambar 2024, inda mata da yara da dama suka rasu, ya nuna cewa rabon da ba a tsara ba na iya kashe wanda aka zo ceta.

Dalilin sa mata a gaba

Ƙungiyoyin agaji da yawa suna rubuta sunan mace a katin rabo. Dalili na farko shi ne ita ke auna tsaba, ita ke girki, ita ta san yaron da bai ƙoshi ba. Na biyu, yaƙi da cin rani sun bar gidaje masu yawa a hannun mata, musamman a sansanonin 'yan gudun hijira na arewa maso gabas. Na uku, a gidan da ake da mata fiye da ɗaya, kati ɗaya da sunan maigida ba ya tabbatar da cewa kowane ɗaki ya samu rabonsa.

Akwai kuma dalilin da ya shafi tsarin arzikin gidan Bahaushe. A shari'a da al'ada, ciyarwa tana wuyan miji, dukiyar mace kuma tata ce. Ko matar da ke cikin kulle tana da sana'arta: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, fura, ƙosai, awara, daddawa, kitso, saƙa, kiwon awaki da kaji. Idan rumbun gandu ya ƙare, ko maigida ya tafi Kano ko Legas neman kuɗi, wannan ƙaramar sana'a ce ke riƙe da gidan. Amma ita ce kuma ta fi saurin mutuwa, domin jarinta kaɗan ne. Mai ƙuli-ƙulin da ke sayen gyaɗa kwano biyar, idan farashi ya ninka sai ta koma biyu da rabi, ribar ta kasa biyan itace da niƙa. Ranar da yaro ya kwanta ciwo, jarin ne zai tafi kantin magani. Daga nan sai a ƙara dogaro da tallan 'ya mace, makaranta ta tsaya.

Yadda ake miƙa tallafin ma yana da tasiri. A 2010 ƙungiyar Concern Worldwide ta raba wa mata kuɗi a ƙauyukan jihar Tawa na tsawon wata biyar, wasu hannu da hannu, wasu ta wayar salula. Binciken da aka yi ya nuna cewa gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu kuma sun fi samun abinci. Masu binciken sun danganta haka da abu biyu: matan ba su ɓata yini a hanya da layi ba, kuma da yake kuɗin ya shigo ba tare da idon jama'a ba, sun fi samun bakin magana a kan yadda za a kashe shi.

Sai dai sunan mace a kati bai isa ya kare ta ba. Rahotannin Human Rights Watch na 2016 da Amnesty International na 2018 sun kawo bayanan matan sansanonin Barno da aka tilasta musu ba da kansu kafin su samu abinci. Wannan ta'asa ce da ke faruwa duk inda abinci ya yi ƙaranci, ikon rabonsa kuma ya taru a hannun mutum kaɗan ba tare da sa ido ba. Maganinta shi ne a sa mata cikin kwamitin rabo, a yi rabon da rana kusa da matsuguni, a sanar da kowa adadin haƙƙinsa, a kuma buɗe hanyar kai ƙara da ba ta bi ta hannun mai rabon ba.

Mayar da jari hannun mai shi

Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda bai ci ba zai cinye irin shuka, zai kuma sayar da akuyar da aka ba shi kiwo. Shi ya sa aikin farfaɗowa yake farawa tun ana cikin rabon abinci. Ana ba da iri mai saurin nuna da taki kafin ruwan farko, tare da abincin da zai kai gidan kaka. Ana biyan mutane da kuɗi ko hatsi su gyara ƙasar da ta mutu ta hanyar haƙa tassa da ramukan rabin wata masu tare ruwa. A Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin kututtukan itatuwa su sake toho a gona ana yi musu aski. An ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar a Nijar, kuma mata na daga cikin waɗanda suka fi amfana, domin itacen girki da ganyen miya da abincin dabba sun dawo kusa da gida.

Wajen mayar da dabbobi, ƙungiyoyi da dama sun ari al'adar Fulani ta habbanaye: a ba mace akuya ta kiwata, idan ta haihu ta riƙe 'ya'yan, ta miƙa uwar ga wata. Wajen hatsi kuwa akwai bankin hatsi na ƙauye, wanda ke saye da kaka ya sayar da rangwame da damina. Akwai kuma jinginar hatsi, tsarin da ya bazu a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990 da taimakon hukumar FAO. Manoma suna tara amfaninsu a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunsu, ɗaya a hannun mai ba da rance. Su karɓi rance su yi sana'ar rani, idan farashi ya tashi su biya su kwashi kayansu. Ta haka suke kauce wa sayarwa da araha da kaka, da saye da tsada da bazara.

Mata Masu Dubara

Dabarar da ta fi kowace yaɗuwa ta samo asali ne daga adashi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan ƙauyukan Maraɗi mai suna Mata Masu Dubara. Mata kamar 15 zuwa 30 ne ke haɗuwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka amince. Kuɗin yana shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu, don haka ba ya buɗuwa sai a gaban kowa. Ana ƙirga kuɗin da babbar murya, ta yadda wadda ba ta iya karatu ba ma ta san abin da ke ciki. Mai bukata ta karɓi rance na 'yan watanni ta juya ta dawo da shi. Akwai wani ɗan asusu na gefe domin rashin lafiya, haihuwa ko rasuwa. Bayan wata tara zuwa shekara a fasa akwatin a raba, sau da yawa gab da damina, lokacin da aka fi bukatar kuɗin iri da abinci.

Bambancinsa da adashi shi ne mace ba ta jiran layinta ya zo, tana iya samun rance ranar da bukata ta taso. Bambancinsa da banki kuwa shi ne ba kuɗin waje a ciki, don haka ba ya mutuwa idan mai tallafi ya tafi. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. A Nijar ƙungiyoyin sun haɗu sun kafa bankunan hatsi, wasu daga cikin matansu kuma sun ci zaɓen kansiloli. Batun ƙarin da ake ɗorawa a kan rance abin dubawa ne ga al'ummar Musulmi, shi ya sa wasu ƙungiyoyi suka koma ga saye da sayarwa ko haɗin jari da raba riba. A Najeriya, shirin mata da Bankin Duniya ya tallafa da dala miliyan 100 a 2018, wanda ya haɗa da jihohin Kebbi, Neja da Taraba, an gina shi ne a kan irin waɗannan ƙungiyoyi.

Ga mafi talauci, wadda ba ta da ko abin zubi, ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ta ɓullo da tsarin yaye talaka a 2002. Ana haɗa mata abubuwa da yawa a lokaci guda: jari ko dabba, kuɗin abinci na wasu watanni, horo, asusu da mai ziyara yana ba da shawara. Binciken da aka buga a 2015 a kan ƙasashe shida, ciki har da Gana da Habasha, ya nuna cewa a mafi yawansu amfanin ya ɗore bayan an janye tallafi. An gwada makamancinsa a Nijar a kan matan da ke karɓar sefa 10,000 a wata daga gwamnati. Dukkansu sun samu asusu da horon sana'a. Wasu an ƙara musu jarin sefa 80,000, wasu an ƙara musu horon ƙarfafa zuciya tare da taron gari inda maza da shugabanni ke tattauna sana'ar mata, wasu kuma duka biyun. Sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna cewa kowane rukuni ya samu ƙarin kuɗin shiga da abinci, kuma rukunin da aka yi wa taron gari ba tare da ƙarin jarin ba ya fi riba idan aka auna da abin da aka kashe. Ma'anar haka ita ce amincewar miji da dangi da gari tana cikin jarin mace.

Abubuwan da ke tauye nasara

Na farko shi ne ƙasa. A kudancin Maraɗi, yawan jama'a ya sa gonaki sun tsuke, har mata da yawa sun rasa gamanar da a da ake yanka musu su noma na kansu. Musulunci ya ba 'ya mace rabonta na gado, amma a wurare da yawa idan gona ce sai a bar ta hannun 'yan'uwa maza. Na biyu shi ne lokaci. Matar da ke ɗiban ruwa da itace da daka da reno, idan aka ɗora mata sana'a ba tare da injin niƙa ko rijiya kusa ba, nauyi aka ƙara mata. Na uku shi ne kasuwa. Idan aka koya wa mata ɗari na unguwa ɗaya haɗa sabulu, aka sallame su ba jari ba mai saye, horon ya tashi a banza. Na huɗu shi ne tsaro. Kisan manoman shinkafa fiye da 40 a Koshebe kusa da Zabarmari a Nuwambar 2020 ya nuna cewa iri da taki ba su da amfani ga wanda ba zai iya zuwa gona ya dawo ba.

Na biyar shi ne kuɗi da amana. Shirin gwamnatin Najeriya na bai wa gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har wata uku, wanda aka ƙaddamar a Oktoban 2023, an dakatar da shi a Janairun 2024 bayan zargin almundahana, kafin a ci gaba da shi daga baya. A 2025 Amurka da wasu ƙasashen Turai sun zaftare kuɗin agaji, har WFP ta yi gargaɗi a watan Yuli cewa tana iya dakatar da tallafin mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabashin Najeriya. Idan kuɗi ya ragu, aikin farfaɗowa aka fi saurin yankewa domin a ci gaba da ciyarwa, abin da ke tabbatar da cewa mutanen za su sake bukatar ciyarwar baɗi.

Wannan ya mayar da nauyin kan cikin gida. Gwamnati na bukatar rajistar mabukata mai tsabta da aka tanada tun kafin masifa, da rumbun ajiya da ake buɗewa da wuri, kamar yadda Habasha ta kafa shirin tallafi na dindindin a 2005 maimakon neman agaji kowace shekara. Hukumomin zakka da waƙafi na jihohi na iya karkata wani kaso daga rabon hatsi zuwa jarin zawarawa da iyayen marayu, tare da bibiya. Ƙungiyoyin agaji kuma ya kamata su sayi hatsi daga manoman yankin idan akwai shi, su daidaita kuɗin tallafi da farashin kasuwa, su yi aiki da asusun matan da suka tarar maimakon kafa sabo. Ma'aunin nasara a ƙarshe shi ne gidaje nawa ne suka wuce damina ba su sayar da jarinsu ba, kuma mata nawa ne ke da dabba, gona ko sana'ar da suke da ikon yanke shawara a kanta bayan an rufe shirin.